Giɓin Atine

A filin firamaren Ƙauran Namoda, bayan la'asar,
lilon ƙarfe na kuka, ba mai sa masa mai.
Yara tara na ƙirga.
Kafin annoba sun fi arba'in.

Kowa da takunkuminsa.
Na Lawali irin na asibiti ne, ya yi masa yawa,
an ƙulla igiyar sau biyu a bayan kunne.
Na Atine ragowar atamfar uwarta ce,
rabin fure ya zauna daidai kan hancinta.

Mazan na langa,
numfashi na hura ƙyalle, yana tsotse shi.
Wanda ya faɗi ba a miƙa masa hannu,
daga nesa ake cewa sannu.

Shekaranjiya haƙorin Atine na gaba ya fita.
Kwana biyu tana ɓoyon giɓin nan kamar kuɗin aike.
Yau ta yafito Shafa bayan dogonyaro,
ta ja ƙyallen ƙasa,
ƙiftawar ido, ta mayar.

Ban ji dariyar Shafa ba.
Idanunta na ga sun ƙanƙance.
Ni ma, a cikin nawa ƙyallen, na yi.