Igiyar Inna Cima

Wata bakwai ina bin bakin rijiyoyi,
na'ura a wuya, kaye a hammata,
daga Garin Malam har bayan duwatsun Birni.
In zura waya, in jira ta yi ƙara,
in rubuta mita kaza, ranar kaza.
Mushe Kiyari ya ce, "Magaram, lamba ba ta ƙarya,
amma ki tara da yawa kafin ki buɗe baki."

Na tara. Kwalabe sittin a firjin labo,
kowace da sunan unguwarta a goshi:
ruwan tabki mai launin koko,
ruwan famfon da ke zuwa ƙarfe ukun dare
ya tsere kafin assalatu, kamar mai bashi.

Ran taro zauren jami'a ya cika.
Manya a gaba, kowa da gorar ruwansa mai sanyi,
'yan ga-ruwa a baya,
sun bar kurarsu a gindin dogon yaro.
Aka kashe fitila, na haska zanena a bango,
jan layi yana gangara kamar ya taka santsi.
Na ce lissafinmu na shekara uku ne,
uku kuwa ba su isa a yanke hukunci ba.
Wani ya gyaɗa kai, maganar ta yi masa daɗi.
Wani ya ce a kafa kwamiti.

Sai Inna Cima ta miƙe.
Ban san ta zo ba.
Ashe tun da duku-duku ta biyo motar kasuwa.
Ta ce ba tambaya gare ta ba, kaya ta kawo.
Ta kwance buhu, ta zazzage igiyar guga,
ta damƙa wa wani ɗalibi bakinta,
ta ce, "Ɗana, yi ta tafiya."

"Wannan ta kaba ce, ita na tarar a gidan,
gaba shida guga ya ce tsulum.
Ƙullin nan, shekarar da na haifi uban yarinyar can.
Wannan, shekarar da muka ci anza har haƙori ya mutu.
Shuɗiyar ta roba, Mutari ya aiko kuɗinta daga Arewa.
Nan kuma zanena ne na yaga,
don kasuwa sai Alhamis, ƙishirwa kuwa yau.
Ban taɓa kwance ƙulli ba.
Ƙari dai nake yi."

Ɗalibin ya wuce teburin manya,
ya wuce ƙofa, ya sauka matakala,
igiya na ta fita daga hannunta.
Fanka kaɗai ke magana.
Can waje ya ɗaga murya: "Inna, in tsaya?"
Ta ce, "Ruwa ya tsaya ne?"

Mushe Kiyari ya tuɓe tabarau.
Shekara arba'in ce kwance a kan siminti,
ga ni da ukuna a bango.
Ya ce a bar ta a jami'a,
za a sa ta a gilashi, a rubuta sunanta.
Ta dube shi sama da ƙasa:
"To, gobe da sunan nawa zan ja ruwa?"

Ta ba mu aro zuwa la'asar.
Na durƙusa da awo, ƙulli bayan ƙulli,
tana faɗa, ina rubutawa,
in na yi kuskuren shekara ta buge mini hannu.
Ƙulli goma sha huɗu. Na ƙarshe ɗanye ne,
ko datti bai kama shi ba.

Da aka watse ta bi teburin manya,
ta tattara gorunan da aka sha aka bar rabi,
ta juye su wuri ɗaya, ba ta ɗigar ba,
ta naɗe igiyarta a gwiwar hannu,
ta ce in raka ta tasha
kar motar ta cika.