Nauyin Dalma

Kawu Jatau ba ya auna dalma da ido.
A tafin hagunsa yake ɗora ta,
hannun nan mai yatsu uku,
ya yi shiru kamar mai sauraren guga a rijiya,
sannan ya ce, "Ta zabo ce. Mayar."

Bayan maƙerar Nomau muke zama, gabas da Auyo.
Shi yana zuga, mu muna narka cikin tsohon batir
a gwangwanin tumatir,
mu tsiyaya a ramukan da Kawu ya huda a yumɓu:
ƙanana kamar ƙwayar dawa,
na tsakiya kamar gujiya,
sai guda ɗaya mai kaurin ƙwallon aduwa
wadda ba ya bari in taɓa.

Yatsun biyu albarushi ne ya ci.
Yana saurayi ya ɗura wa bindigar toka abin da ya fi cikinta,
wai don gwanki,
gwankin ya yi tafiyarsa, bakin bindigar ya tsage kamar kara.
"Wuce gona da iri ma rashin sani ne," in ji shi,
in ya ga ina kallon hannun.

Kakar da gyado ya shiga rogon Iya Tabawa
ina da shekara goma sha tara.
Kunya bakwai ya tone a dare biyu.
Na sauko da bindigar Kawu yana masallaci,
na cika ta da ƙananan,
don a lissafina talatin sun fi ɗaya.

Wata ya yi tsaka, ya fito.
Na ja kunama.
Kukan da ya yi har gobe yana kunnena,
ya kutsa kacala, ciyawa ta rufe bayansa.

Da asuba Kawu ya tsuguna kan sawun,
ya dangwali jinin da tsinke.
"Jinin fata ne. Ɗauko gora, ɗauko takalminka."
Bai ƙara ba. Da ma ya zage ni.

Kwana uku muna bin ɗigo.
Sauro ya sha, ƙaya ta sha,
garin kwakinmu ya ƙare ran na biyu.
A bakin wani tafki muka same shi,
kwance a laka, ƙuda ya yanyame kafaɗar,
ido ɗaya ya mutu, ɗayan yana bin mu.

Kawu ya auna albarushi a marfin kwalba, biyu da rabi,
ya danna tsumma,
ya zaro ta aduwar daga laya a wuyansa.
Ya zagaya har iska ta bugi fuskarsa,
ya nemi bayan haƙarƙari, inda numfashi yake kwana.
Sau ɗaya.
Belbelu suka tashi, suka dawo.

Na ce mu tafi, ai ba ci za mu yi ba.
Ya miƙo mini wuƙa.
"Ciro kayanka."
Goma sha bakwai na tono,
ba wadda ta shige gaɓar yatsa.
Ya wanke su, ya zuba a kwalin ashana.
"Naman da ba ka ci ma yana da haƙƙi a kanka.
In za ka aika mutuwa, aiki wadda za ta isa."

Yau fadamar duk shinkafa ce,
injin ban ruwa ke kuka inda gyado yake kuka.
Kawu ya riga mu gidan gaskiya, damina shida.
Bindigar na rataye, zanzaro ya yi ɗaki a bakinta.
Ɗana Sallau ya tsinci kwalin jiya a ƙasan adaka,
yana kaɗa shi kusa da kunne,
yana tambaya ko iri ne.