Zuwa Ga Hansatu, Daga Kakuri

Hansatu, na karanta littafinki daren jiya.
Aka ɗauke wuta a shafi na arba'in,
na ƙarasa da fitilar waya, sauro na ta biki a kunnena.
Wannan yabo ne. Ki ƙulle shi a bakin zane,
sauran maganar da ɗaci.

Shekara sha tara na yi a masaƙa
kafin a garƙame ƙofa, ciyawa ta gaji injina.
Duk abin da na sani na labari, can na tsinto shi.
In zare ɗaya ya tsinke, ba ya ihu,
sai an saƙa yadi hamsin
a ga layi ya bi atamfa kamar tabon ƙuna.

Naki ya tsinke a babi na uku.
Jatau mai gyaran rediyo,
wanda kika ce ko kwata ce ta cika sai ya kewaye,
yaya ya shiga kwalekwale, kogi ya kawo,
ko gabansa bai faɗi ba?
Ko ki mayar masa da tsoronsa,
ko ki nuna mana ranar da ya yar da shi.

Sannan tafiyarki.
Shafi shida kina lissafa falo,
labule, kujeru, agogon bango.
Rasuwar uwarsa kuwa, layi biyu, kin kakkaɓe hannu.
Dubi direban bas daga Kawo zuwa Sabo:
a kan gada yake taka mai,
a bakin kasuwa sai ya lafa,
don nan mutane suke.

Mutanenki duk da bakinki suke magana.
Je ki zauna wurin mai ƙosai, ki kame naki.
Ki ji yadda mai bin bashi ke jan gaisuwa,
ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi jikin tsohuwa,
kuɗin bai fito ba,
amma kowa a wurin ya ji su.

Yanzu ki jefa shi ƙasan akwati.
Kamu ma sai ya kwana yake tsami.
Bayan wata guda ki ɗauko, ki karanta da ƙarfi,
duk inda harshenki ya yi tuntuɓe, akwai dutse, tone shi.
Jimlar nan ta faɗuwar rana,
na san da ita kike taƙama.
Ado ce, ba ta ɗauki kayan kowa ba.
Sa mata almakashi.
Za ki ji zafi kwana biyu.

Shafin ƙarshe kuma wa'azi ne.
Mun riga mun gane tun da ya rufe shagon.
Tsaya nan.

Ki zo ranar Asabar bayan la'asar.
Jikata Zulai ta sace babi biyu daga ƙarƙashin matashina,
tun safe take bina da tambaya
ko Jatau ya dawo.