Bakwai a Hagu

A Zangon Kumasi, ana ruwa,
Iya Tasalla ta buɗe gwangwanin alewa,
ta ciro takarda, ba ta kai tafin jariri ba.
"Ga Nomau," ta ce, "kakan kakanka."

Fuska kamar ƙwayar goro,
hula ta karkace,
sauran duk layi ne, gashin gira ya fi shi kauri.

Wai ya kai kaya bakin teku,
wani ɗan Holan mai tari ya zaunar da shi a inuwa,
ya shafa kaki a kan tagulla,
ya bi da allura,
ya bar ruwa mai ci ya ci inda ta wuce.
Wai a garinsu haka ake ajiye mutum,
ƙarami, don ya shiga aljihu.

Na kai shi bakin taga ina ƙirga.
Iya, Bagobiri ne fa,
me ya kai bakwai ɗinsa hagu?

Ta yi dariya har da tari.
"Tagulla madubi ce, ɗan nan,
ka ba ta da dama, ta mayar da hagu.
Wanzami ya yi nasa, jini ya fita.
Bature ya yi nasa, tawada ta shiga.
Na wanzami, ƙasa ta cinye."

Ruwa ya tsagaita.
Ta mayar da shi ƙarƙashin zare da maɓallai,
ta danne murfi da gwiwar hannu.

Na shafa kumatuna, sumul,
ban san ta ina zan fara ƙirga ba.