Farfajiyar Wani Coci a Lucca

Na shiga da rana tsaka, zafi na bin ƙeyata,
ƙofar katako ta yi ƙugi kamar mai ciwon gwiwa.
Ciki sanyi, ƙamshin kyandir,
da wani duhu da ya girmi kakan kakana.

Ban ankara ba sai ga ƙafata kan fuskar mutum,
an sassaƙa shi a daɓen dutse, hannuwa harɗe a ƙirji.
Na yi baya da sauri, na ce: gafara, bawan Allah.

Tsoho Gervasio ya jingine tsintsiya yana dariya.
"Taka abinka," in ji shi. "Shi ya biya kuɗi
a shimfiɗe shi inda ƙafafu ke bi.
Shekara ɗari biyar ana goge masa suna,
saura harafi biyu, su ma sun kama hanya."

Ya ja ni ta wata 'yar ƙofa, sai farfajiya:
ginshiƙai sirara, kowane da irin murɗarsa,
bishiyar lemun tsami,
kyanwa mai ido ɗaya kwance bakin rijiya.
Nan sufaye suka yi ta kewaye, baki a rufe,
har dutse ya lotsa ƙarƙashin sawunsu.

Na bi lotsawar. Zagaye ɗaya. Biyu.
A na uku na manta da jirgin ƙarfe huɗu.

Ƙararrawa ta buga, tantabaru suka watse.
Gervasio ya tsinko lemo, ya cusa min a aljihu,
yatsa a leɓe, yana satar kallon tagar limaminsu.

Na rasa jirgin.
Amma har Pisa, hannuna na ƙamshi.