Kwana Tara a Tudun Valparaíso

Likita Arriagada ta ce sankara ce, wannan kam babu ja.
Saura mu san irin tafiyarta:
ta hawainiya ce, ko ta wuta a busasshiyar ciyawa.
Sau goma sha biyu allura ta shige ni ƙarƙashin mafitsara,
ta tsinko nama siri-siri kamar zare,
aka zuba a kwalabe, aka liƙa sunana,
aka aika Santiago.
Ni da sau uku kacal na taɓa taka Santiago,
ga tsokata can tana kwana ba ni.

"Kwana tara," in ji ta. "Wataƙila goma."

Shekara talatin da ɗaya ina jan keken tudu,
akwati biyu na katako, igiyar ƙarfe guda,
in wannan ya hau, dole wancan ya gangara.
Haka zuciyata ta koma.
Da hantsi in ce ba komai,
kafin inuwa ta juya na gama rabon kayan aikina.

Dare ya fi wuya.
Sau huɗu fitsari ke tashina, ɗigo-ɗigo, da ɗan ja a ciki.
In tsaya a taga ina ƙirga fitilun jiragen ruwa,
sha ɗaya, sha biyu, ɗaya ya motsa, in sake daga farko.
Griselda na kwance ta ba ni baya,
numfashinta ya cika daidaito.
Shekara arba'in, ai na san barcin ƙarya.

A kwana na uku na ari wayar jikata,
na rubuta sunan ciwon da yatsa ɗaya.
Lambobi suka yi mini caa:
shida da sauƙi, tara a shirya.
Na kife wayar a tebur
kamar kwano a kan kunama.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Nawa dutsen a ƙirji yake, ɗanye shar,
kuma ban ga itace ba.

Ɗana ya kira daga Antofagasta, na ce ɗan gwaji ne kawai.
Yaya zan gaya wa yaron da na goya a wuya
inda abin yake zaune?

Nibaldo ne ya kama ni a teburin domino.
Ya ce, "Eleodoro, yau ka ba ni wasa uku a banza."
Na yi shiru. Ya ɗage riga, ya nuna tabo ƙasan cibiya.
"Shekara bakwai ke nan.
Wata shida ina sa ƙunzugu kamar jinjiri,
ga ni dai ina cinye kuɗinka."
Na yi dariya har ta zarce inda ban nufa ba,
shi kuwa ya duƙufa yana gauraya ƙwayoyin,
bai ɗago ba sai da na share fuska.

Tun ranar na rage wa kaina tsawon hanya.
Ba na hango Alhamis, sai abin da hannu ke kaiwa:
man da zan shafa wa babbar tayar,
burodi mai zafi daga shagon kwana,
tsohon karen da ke hawa kyauta kullum ƙarfe takwas.
In fargaba ta zo, in ce shigo, ga benci,
amma birki a hannuna yake.

Kwana na bakwai waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi.
Mai gas ne.

Rana ba ta ƙarya. Ga ta.
Griselda ta goge mini farar riga har sau biyu,
ta kunna kyandir, ta ce don wutar lantarki ce, ba ta da tabbas.
Yau fasinja nake, wani yaro ke riƙe da birkina.
Ƙasa, teku ya yi lamo, asibiti na bayan kwastan.
A tsakiyar gangara ɗaya akwatin ya gifta mu yana hawa,
wata 'yar makaranta ta manna hanci a gilashi, ta ɗaga mini hannu.
Na ɗaga mata na hagu.
Na daman yana wurin Griselda, ta ƙi saki.