Cokali da Mai Girki

Ni na ci ƙwallayen,
sunana jaridu suka buga da manyan baƙaƙe.
Yau da furfura ta gama cin kaina
bari in faɗi gaskiya ko da ta makara:
ni cokali ne kawai, Nicanor ne mai girki.

A Paysandú muka tashi, bayan majemar fatu,
inda wari ke rako ubansa har bakin ƙofa.
Filinmu gangare ne, ya miƙa ƙafa cikin kogi,
wanda ya buga da ƙarfi shi zai tuɓe ya yi iyo.
A nan ya koyi taɓa ƙwallo kamar mai ɗaukar ƙwai,
tsoron ruwan sanyi ne malaminsa na farko.

Bai iya gudu ba, wannan kowa ya sani.
Kocinmu a Montevideo ya dube shi sama da ƙasa,
ya ce, "Wa ya kawo mini agwagwa?"
Wata uku aka yi, agwagwa ke rabon abinci,
mu barewa muna biye da ita baki buɗe.
Kafin ƙwallo ta iso, ya waiga sau biyu,
ya ƙirga mu kamar makiyayi da almuru,
ya hango ƙofa a bangon da ba a gama ginawa ba.

Yana ashirin da biyu aka yi cinikinsa,
jirgi ya sauke shi a Genoa da akwati ɗaya.
Shekara tara. Kofi guda. Wuƙa sau biyu a gwiwar hagu.
Masu sayar da kifi suka rubuta sunansa a jikin kanti,
ba su taɓa rubuta shi daidai ba.
Tsakar dare yakan bugo mini waya,
ba ya zancen wasa,
sai ya ce, "Ramiro, kogi ya kawo bana?"
Daga nan aka ba da aronsa can arewa, ƙasar ƙanƙara,
wurin wani koci mai auna mutum da yawan zufa.
Benci ya san ɗuminsa fiye da ciyawa.

Rigar ƙasa, mai launin sama bayan ruwa,
sau talatin da huɗu ya saka ta.
Ta ƙarshe ce ke hana ni barci.
Dare ne a Lima, saura minti biyu,
ƙwallo ɗaya tak muke nema mu wuce.
Mutum uku suka rufe shi.
Bai dube ni ba, ya dai san inda zan kasance,
ya shafa ta da gefen ƙafa
ta ratsa su kamar zare a kafar allura,
ta zo ta durƙusa a gabana.
Gola ya riga ya faɗi.
Na buga.

Turke ya yi ƙara. Har yau yana yi.

Washegari jaridu suka ce lamba goma ya tsufa,
ba wanda ya ambaci ƙafata.
Ba a sake kiransa ba.
A ɗakin canja kaya na kasa ɗaga ido,
shi kuwa ya cika ƙoƙon shayin mate,
ya miƙo mini ba tare da ya waigo ba,
daidai hannuna, yadda ya saba.

Yanzu yana can gangaren, da sanda da tumbi,
yara goma sha tara na kewaye da shi.
Darasi ɗaya gare shi, kullum shi yake maimaitawa:
"Ɗaga kai, ɗana. Ƙwallo ta san ƙafarka,
ɗan'uwanka ne bai san ka gan shi ba."
Ni kuma ina bakin ruwa da doguwar gora,
duk wadda ta faɗa kogi ni ke tsamo ta.
Ba shi ya sa ni ba.
Jiya ma na tsamo bakwai.